Katin Gidado

Shekara sha ɗaya Barka na gyaran takalma
a bakin Tashar Dukku, gindin darbejiya.
Ba wanda ya taɓa tambayarsa takarda.
Mun san dai daga Chadi ya zo.

Da Gidado, abokin hayarsa, ya rasu,
ya bar buta da bargo da katin tallafi
mai hoton da ruwa ya cinye rabin fuska.
Barka ya ɗauka. Wata biyar
yana amsa sunan mamaci a layi,
ya auno gero,
ya saya wa Hajjo maganin suga.

Ranar da na'ura ta nemi yatsa,
yatsa ya faɗi gaskiya.
Ramin ƙarya ƙurarre ne, mun sani,
amma ban zaci a bakin iyaka zai ƙure ba.

Ɗan gari da ya yi irinta ya mayar da kuɗi,
ya sha kunya, ya koma gida ya ci tuwo.
Barka kuwa 'yan shige da fice suka zo masa.
Hajjo 'yar Bolari ce,
'ya'yansa nan aka binne cibiyarsu.
Shi kaɗai motar ta ɗauka.

Ban ce bai yi laifi ba.
Wataƙila rabon wata gwauruwa ya ci.

Takalmina na hagu na nan cikin akwatinsa,
ya ɗinke rabi, basilla na soke a jiki.
Na kasa kai wa wani ya ƙarasa.