Jijiyar Tsohuwa

Hanci ne ya fara sani,
kafin ido ya ga ɗigon da ya baƙanta yashi
ƙarƙashin motar da Abba ya bari a Birni:
ja, doguwa, silinda takwas,
ta girme ni da shekara tara,
har yau in ta yi tari yaran unguwa sai sun fito.

Na kira Mutari Mai-kile daga Garin Malam.
Ya shimfiɗa kwali, ya shige,
ƙafafunsa kaɗai suka rage a duniya.
Can sai murya daga ƙasa:
"Habsatu, zo ki taɓa."

Na taɓa. Tiyon ya bushe kamar ƙanzo,
na matsa shi, ya buɗe baki goma
irin na dugadugin manomi.
Wani wuri Abba ya naɗe da robar tayar keke,
ya ɗaure da waya, ƙulli biyu, na biyun a karkace.
Na san ƙullin nan.
Da shi yake ɗaure mini takalmi in igiya ta tsinke.

"Wannan ma yankewa za mu yi," in ji Mutari.
Na ce to.
Na sa guntun a aljihu.

A Kasuwar Dole mai kaya ya zube mana su a tabarma,
baƙaƙe duka, kamar macizai suna shan hantsi.
Ya ce duk ɗaya ne, ga na jika guda.
Mutari ya yi dariyar da ba sauti:
kama da wane ba ta wane.
Na ruwa daban, na mai daban,
na ruwan in ya sha esansi wata uku
cikinsa ke narkewa, ya tura baƙin gari cikin karbirato,
waje kuwa sumul, kamar mai ciwon da ba ya faɗi.
Ya karanta rubutun jikin tiyon da ɗan yatsa,
ya lanƙwasa, ya shinshina,
ya gwada bakinsa da guntun da ke aljihuna.
Jika huɗu. Ban taya ba.

Daga tanki zuwa gaba ƙarfe ya sa, ba jan ƙarfe ba.
Jan ƙarfe yana da kyau ga ido, in ji shi,
amma gargadar hanyar Mirya
za ta gajiyar da shi har ya tsage ba sallama.
Ya nisanta shi da salansa tazarar tafin hannu,
don a zafin Afrilu mai yana tafasa cikin hanya,
mota ta mutu tsakiyar shatale-tale
ƴan kabu-kabu na zaginki da hon.

Da ya ɗaga hannun riga zai ɗaure kole
na ga fatar, daga gwiwar hannu zuwa wuya,
fari-fari, a tattare.
Bai jira tambaya ba.
"Ɗigo ɗaya ne. A kan injin mai zafi. Ina da shekara sha bakwai."
Ya ƙara juya sukuru rabin zagaye, ya tsaya.
Matsi in ya yi yawa, shi ma yanka ne.

Yanzu duk farkon wata ni ke shimfiɗa kwalin.
Tocila a baki, ina bin jijiyar da yatsa
daga wutsiya har ƙirji,
ina neman danshi, tsatsa inda maƙalli ya riƙe,
wurin da roba ke gogar ƙarfe a ɓoye.
Man kwalba na bakin titi sai na tace shi da ƙyalle.
Maƙwabta sun gaji da dariya, sun daina.

Jiya na murɗa makulli bayan la'asar,
ta amsa tun karon farko,
duwatsun bayan gida suka maido mini da rurin.
Na shaƙa. Ƙamshin tuwon maƙwabta kawai.

Guntun Abba yana cikin akwatin gaba,
da ƙullinsa a karkace.
Har yanzu yana ɗan wari.