Ginin Gaggawa

Hular ce ta fara faɗa mana.
Shekara talatin tana zaune daram a kan Wilfred,
sai wata Lahadi ta ƙi shiga.
Na ce ruwan saman Burnley ne ya tsuke ta.
Ashe kan ne ke girma.

Daga baya ƙwaurinsa ya lanƙwashe kamar baka,
in ka ɗora hannu, ɗumi kamar sabon burodi.
Kunnen hagu ya daina jin ƙararrawar coci.

Ba daga tsani ya faɗo ba, shi da ya tsufa a kan tsani.
Juyawa kawai ya yi zai ɗauki butar shayi,
cinyar ta ce ƙas,
kamar alli a hannun yaro.

Likita Ashworth ta ɗaga hoton a gaban haske.
Ta ce, a ƙashin kowa akwai masu rushewa, akwai masu gini,
kowa na jiran ɗan'uwansa.
Naka masu rushewar sun haukace,
maginan na bin su a guje,
suna jera bulo yadda ya zo hannu.

Wilfred, da ya riƙe cokalin gini shekara arba'in da biyu,
ya dubi hoton, ya ja tsaki:
"Da yarona ne ya yi wannan, da bai kai abincin rana ba."

Suka ɗaura masa ruwan magani don masu rushewa su lafa,
ya kwana biyu yana rawar ɗari.
Ranar aiki sandar ƙarfe ta ƙi bin ƙashin da ya karkace,
sai da aka yanka aka miƙe shi.
Jini leda uku.

An ce wata uku.
Wata shida, layin karayar na nan baƙi,
kamar ƙofar da aka manta ba a ja ba.
Ƙwayar bitamin, kofin madara,
taku goma sha biyu zuwa taga,
inda yake tsayawa yana kallon katangar makarantar da ya gina.
Ko tsaga babu.

Jiya, wata na tara,
Ashworth ta nuna wani fari-fari a bakin karayar.
Ya juyo mata kunnen da ke ji.
"Ya fara kamawa," in ji ta.
Ya ce, "To, a ƙyale shi.
Siminti ba ya son a tsaya masa a ka."

A hanyar gida na saya masa sabuwar hula,
lamba ɗaya sama da ta da.
Tsohuwar tana nan a jikin ƙusa.
Na kasa ba da ita.