Buhun Baba Akanbi

Kekuna biyu ya jingina mini a bangon rumfarsa,
can cikin Mushin, bayan layin masu faci.
Ɗaya siriri, ƙahonsa a lanƙwashe kamar na rago,
ɗaya kakkaura, tayarsa duk haƙora.
Baba Akanbi ya goge giris a cinyar wandonsa,
ya ce da Hausar da ya tsinta a Agege:
"Jatau, ina kake kwana, ina kake neman tuwo?
Hanya ke zaɓen keke, ido ɗan rakiya ne."

Na ce a Agege nake kwana,
a Ikeja nake farke cikin wayoyin mutane.
Tsakani akwai ramuka goma sha ɗaya da muka saba gaisawa,
da kwatar da ke hawa titi duk sanda aka yi ruwa,
da danfon da bai taɓa jin labarin birki ba.
Ya turo mini kakkauran.
Na biya, saura dubu huɗu.

Wata uku muna zaman lafiya.

Sai wata Lahadi ƙafa ta kai ni Ikoyi.
Wasu masu hular kwano da matsattsun kaya
suka wuce ni fuu,
ko kukan sarƙa ban ji ba.
Kafin in iso gida kekena ya ƙara nauyi.

Cinikin makon nan ya tafi a taya,
siririya, mai sheƙi, mai tsoron tsakuwa.
Na gaba ya tafi a sirdi.
Sai giya mai hawa tara,
ni da gada biyu ce kacal a hanyata.
Sai feda mai riƙe takalmi,
wadda ta ƙi sakina a tsakiyar Oshodi
na zube a gaban mai gasa masara,
tana yi mini sannu da Yarbanci, tana share hawayen dariya.
Na cire kariya don a rage nauyi,
na koma rataya burodin yara a wuya.
Na cire madigadi,
damina ta ja mini layi daga ƙugu har ƙeya.

Duk abin da na kwance, Baba ya ce, "Bar shi nan,"
ya jefa a wani tsohon buhun shinkafa.

Ran da na sauya gangar jikin ma ɗungurungum,
Kande ta leƙo daga madafa, ludayi a hannu:
"To, wanne ne keken da ka saya?"
Na duba sama, na duba ƙasa.
Na kaɗa mata ƙararrawa.

Jiya da asuba, kan titin Ikorodu,
gari bai gama buɗe ido ba, kwalta duk tawa ce.
Na kwanta a kan ƙaho kamar mutanen Ikoyi,
ina ƙirga giya, ina ƙirga numfashi,
har hawan Ojota ya fara karɓar harajinsa a cinyata.
Sai na ji ƙiiƙi-ƙiiƙi a bayana.
Na san wannan kukan.
Na san sirdin nan da aka ɗaure da roba,
na san wannan lotsawar ta madigadi,
ni na yi ta, a rami na bakwai.

Sikiratu ce, autar Baba,
silifa a ƙafa, kwandon attarugu na Mil Sha Biyu a kariya,
tana taka buhun shinkafar nan da ya tashi ya zama keke.
Ba ta da ƙararrawa, ba ta nema ba.
Ta jera da ni na numfashi uku,
ta dubi giyata, ta dubi gumina.

"Baba na gaishe ka," in ji ta.
"Ya ce saura dubu huɗu."

Ta miƙe tsaye kan tsohuwar fedata,
ta haye gadar.