Masu Tare

Ƙarfe ɗayan dare a Agege,
janareton Baba Dapo na ta tari a bayan katanga,
ni da tsohuwar kwamfutar nan a cinya,
wadda na harhaɗa daga gawarwaki uku a Ikeja.

Ƙwallon Amurka ne, ban taɓa ganin filinsa ba.
Ita kanta ƙwallon kamar gwanda,
in ta faɗi ƙasa ba ka san inda za ta nufa ba.
A nan ba ruwan yatsu da wasa:
zuba lambobi naka, hukunci na inji.

Ƙatti ɗari da sittin ne a jadawalina,
biyar-biyar a gaban kowane mai jifa.
Ba sa cin maki, ba sa ma taɓa ƙwallo,
aikinsu su zama ƙofar da ta ƙi buɗuwa.
Mako biyu ina tsintar makinsu
kamar mai fidda tsakuwa daga shinkafa:
tare don jifa, tare don gudu,
nauyin kafaɗa, saurin ɗaga ƙafa.

Na loda fayil. Na ce bismillah.

Kafin hutun rabin lokaci an ka da mai jifa sau tara.
Ya tashi, a ka da shi. Ya tashi.
Ƙattina tsaye ƙiƙam kamar buhunan da aka jingine,
ana ratsa su kamar labulen shago.

Na bi layi-layi har idona ya yi ruwa.
Ashe waƙafi ne, guda ɗaya tak,
ya yi kutse a layin farko,
kowace lamba ta gusa zuwa ɗakin maƙwabciyarta.
Lambar riga ta zauna a gurbin ƙarfi,
gurbin tare kuwa sifili, tun daga sama har ƙasa.

Sifili.

Na waiwaya. Haladu na munshari a tabarma,
ƙafa ɗaya bisa jarka saboda gwiwa,
warin albasar kasuwa bai bar rigarsa ba.
Ranar da na sauka Oshodi da jakar leda,
shi ya juya wa turmutsutsu baya,
ya ware hannuwa a bakin danfo
har na shige, na samu kujerar taga.
Ban ga wanda ya dakar masa haƙarƙari ba,
ni dai ina kallon gada.

Na goge waƙafin.
Na sake lodawa, ruwa ya fara dukan kwano.
Wannan karon katanga ta tsaya,
mai jifa ya samu daƙiƙa uku cur,
ya ja baya, ya duba, ya saki.
Sunansa kaɗai allon ya rubuto.

Sai na buɗe sabon layi a ƙasan jadawali,
na ɗari da sittin da ɗaya.
Na ba shi gefen hagu,
ɓangaren da mai jifa ba ya gani.
Na rubuta casa'in da tara.
Na dubi gwiwar nan, na mai da shi casa'in da huɗu,
don shi ma ba ya son a yi masa ƙarya.

Janareto ya yi shaƙuwa sau biyu.
Na adana da sauri.
Ƙarfe huɗu motar albasa ke isowa,
ni zan tashe shi.