Hawa na Tara, Pune

Sha ɗayan dare, Mrunal,
shayi ya huce har ya yi yana a kofi.
Manhajar da muka gina tana ƙirga kuɗin bankuna arba'in,
ba ta taɓa ɓatar da rupi ɗaya ba,
amma awannin da muke ƙarawa
ba su da gurbi a lissafi.

Jiya Deshpande ya tara mu,
wai nan duk dangi ne.
Kafin la'asar an kashe katin Shrikant.
Ya tsaya bakin ƙofar gilashi yana ta goga shi,
jar fitila na ƙifta masa ido.
Shekara bakwai. Kofinsa na nan kan tebur.

An turo takardar jin ra'ayi, wai babu suna.
Na zaɓi "Na gamsu ƙwarai",
don ni na rubuta abin da ke gano mai amsa.

Ƙarin albashi? Sai bayan damina.
Damina uku ke nan.
Mu da shan bugu, su da karɓar kuɗi.

'Yata ta fara tafiya ran Talata.
A waya na gani, ƙarƙashin tebur,
na kashe sautin,
ana tsakiyar taro.