Abu Uku Kaɗai

Ranar Talata, bayan hutun ƙarfe goma,
na sa aka ja tebura zuwa bango,
na zana teku a kan simintin aji.
Shuɗin alli ya ƙare a tsakiyar ruwa,
na ƙarasa da fari.

Na ce: ga wasu mutane, baƙaƙe kamar mu,
tun ba a haifi kakan kakanku ba,
sun kuɓuce wa bauta, sun sauka wata ƙasa
inda sanyi ke mayar da ruwan randa dutse.
Gonar da suka samu, tsakuwa ta fi ƙasa yawa.
Nomau ya ce, ashe sun san Adar.

Na ce: yau ku ne su.
Kowa ya buɗe kaye ya rubuta
abu uku kaɗai da zai ɗauka.

Hauya, iri, ashana, in ji yaran gaba.
Zali ta ce turmi, aji ya fashe da dariya:
wa ke gudu da turmi a ka?
Ta ce, to ku tauna tsaba.
Sahiya ta ɗaga hannu, ko suna yana cikin lissafi?
Ita dai ba ta barin nata a baya.
Takardar darasina ba ta san da wannan ba,
taswira ta sani, da tambaya biyar.
Na ce suna ba shi da nauyi, ɗauki kyauta.

Da karan gero da kwalin sukari
suka kafa gari a ƙetaren alli.
Gardama ta tashi kan inda za a haƙa rijiya,
wani ya tuna ba a ware maƙabarta ba.

Illa bai taɓa kara ko ɗaya ba.
Yana tsugune a bakin teku, kayensa fari fat.
Madam, ya ce, da babana zai tafi Abijan
abu biyu ya ɗauka,
jakar leda da lambar wayar ƙaninsa.
Bana damina ta shida.
Shi ma yana cikin tarihi?

Na ce, wa ke da wani a can bida?
Hannuwa suka tashi kamar gero a Agusta.
Na kai talatin da ɗaya na daina ƙirga,
don nawa hannun ma yana sama.
Daga tashar Tawa wata babbar mota
ta yi ta kiran masu zuwa kudu.

Aka buga ƙarfen tashi.
Ɗaya bayan ɗaya suka tsallake tekun,
ba wanda ya yarda ya jiƙa ƙafa.

Da dare, ƙarƙashin fitila, na buɗe kayen Illa.
Layi ɗaya, biro ya kusa huda takarda:
kuɗin motar komowa.
Jan birona ya daɗe a hannu,
ban san maki nawa ake ba wannan ba.