Gara Ta Ci Ƙarshen

Mushe Kyari ya rasu ran Alhamis,
ana tsakiyar cin kasuwar Dole.
Ya bar mini akwatin kwano da littafi guda,
baƙaƙen Girkawa a hagu, Faransanci a dama,
kamar maƙwabtan da katanga ta raba
suna gaisawa ta bisa.

Ina ganinsa har yau a lakwal, alli har gemu,
yana buga tebur da ƴan yatsu:
doguwa ɗaya, gajeru biyu,
doguwa ɗaya, gajeru biyu,
ƙafa shida, sannan a numfasa.
Ya ce, kada ku tsorata,
awon da malaman Birni ke yi wa baiti ne,
tiyar ce kawai ta wani gari.

Da ya ce teku, muka tuntsire.
Mu da tabkinmu ke ƙafewa kafin a gama sussuka,
ina mu ina jiragen ruwa da igiyoyi?
Ya nuna duwatsun bayan gari ta taga,
ya ce, ku ɗauka waɗancan suna motsi,
suna tasowa, suna faɗo muku.
Aji ya yi tsit.

Yanzu ƙarfe biyun dare ne.
Jarkokina huɗu suna layi a bakin famfo,
ni ina bisa dakali da cocila a haƙora.
Mutanen littafin sun ƙone birnin wasu,
sun kuma zauna suna kukan nasu.
Sukan yanka sa, su yi gardama kan rabo,
su ambaci sunan uban mamaci da garinsu
kafin ƙasa ta rufe shi.
Wannan kam na gane ba da tafinta ba.

Ƙanena Mutari ya bi Agadas bara waccan.
Kiransa na ƙarshe, iska ta fi shi murya.
Ya ce, Yaya Habsu, ga shi gabana,
ba shi da ɗaya gaɓar.
Ashe tekun nan ne dai,
bai tsufa ba, bai ƙoshi ba.

Na buɗe baya in ga ko matafiyi kan iso gida.
Gara ta riga ni.
Shafi talatin sun zama garin ƙasa.
Ranar da Mushe ya karanta wurin
ban je lakwal ba, an aike ni ɗiban ruwa.

Famfo ya yi tari, ya yi shiru,
ya fara ɗiga a gindin jarka.
Na aje littafin, ina ƙirga masa.